Tumbi Biyu, Suna Ɗaya: Ƙwayar Cutar Gyambon Ciki Da Maganar Ƙiba

Kalmar tumbi tana da fuska biyu a Hausa. Idan mahauci ya ce tumbi, yana nufin jakar nan da abinci ke fara sauka a cikinta, wadda ake wankewa a haɗa da hanji da huhu a yi farfesun kayan ciki. Idan kuwa aka ce Alhaji wane ya ajiye tumbi, babu mai kawo wata jaka a ransa, abin da ake nufi shi ne cikin da ya turo riga gaba har mai shi ya daina ganin yatsun ƙafarsa. Bahaushe bai haɗa waɗannan abubuwa biyu da suna ɗaya don ya yi wani binciken likitanci ba. Lura ce kawai ya yi cewa abin da ya shiga tumbin ciki shi ne yake bayyana a tumbin waje.

To, yau fiye da shekara 20 ke nan likitocin duniya suna ka-ce-na-ce a kan wata tambaya da ta shafi tumbin nan guda biyu, watau ko wata ƙwayar halitta da ke zaune a tumbin ciki tana da hannu a girman tumbin waje. Irin wannan zance ba ya daɗewa bai shigo Hausa ba, ko ta rediyo ko ta wayar hannu, kuma yadda ya shigo haka jama'a za su riƙe shi. Saboda haka ya kamata ɗalibin Hausa, wanda gobe shi ne mai fassarar labarai, ya san iyakar abin da aka gano. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, alaƙar akwai ta, amma ƙarama ce, kuma duk wanda ya fassara ta da cewa ƙwayar cutar tana haddasa ƙiba, ko maganinta yana sa ƙiba, ya faɗi abin da masu binciken da kansu ba su faɗa ba, kuma yana iya cutar da mutane da bakinsa.

Kafin a shiga maganar ƙiba sai an san ita ƙwayar. Shekara da shekaru likitocin Turai sun tafi a kan cewa babu wata halitta da za ta iya rayuwa a cikin tumbin ɗan Adam, saboda tsananin tsamin ruwan da ke narkar da abinci. Gyambon ciki kuwa, wanda aka fi sani da olsa, sai suka ɗora shi a kan damuwa da yawan tunani da yaji da yawan ruwan tsamin nan. A 1915 wani likita a Amurka mai suna Bertram Sippy ya fito da tsarin ɗirka wa mai gyambon ciki madara sa'a-sa'a, aka yi ta bin wannan tsari tsawon zamani. Wanda ya ji yadda ake yi wa mai olsa nasiha a ƙasar Hausa, a ce kada ya zauna da yunwa, ya riƙa shan madara, ya guji barkono, zai gane cewa ragowar wancan tsohon ilmi ne ya zauna daram a bakin jama'a bayan masu shi sun bar shi.

Wanda ya fara tunkuɗe wannan gini shi ne Robin Warren, likitan duba tsokar majiyyata a birnin Perth na ƙasar Ostireliya. A 1979 ya lura da wasu ƙwayoyin bakteriya masu lanƙwasa a jikin fatar tumbin da aka yanko don gwaji, kuma duk inda ya gan su sai ya ga wurin ya yi ja ya kumbura. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗa kai da shi. Sun yi ta ƙoƙarin renon ƙwayar a ɗakin gwaji abin ya ci tura, domin akan zubar da faranti bayan kwana 2 in ba a ga kome ba, sai a hutun Ista na 1982 da aka bar farantan suka ƙara kwanaki, aka dawo aka tarar ta tsiro. Duk da haka manyan likitoci ba su yarda ba. A 1984 Marshall ya dama ƙwayoyin ya shanye da kansa, cikin 'yan kwanaki ya kama amai, aka leƙa tumbinsa aka ga ya kumbura. Gyambo bai fito masa ba, amma ya nuna cewa ƙwayar tana iya kama lafiyayyen tumbi ta ɓata shi. A 1989 aka raɗa mata sunan da take amsawa, Helicobacter pylori, a 2005 kuma aka ba mutanen nan biyu lambar yabo ta Nobel.

Dabarar zamanta a wurin da ake ganin ba ya zaunuwa ita ce, takan nutse cikin majinar da ta lulluɓe fatar tumbi, sa'an nan ta fitar da wani sinadari da ke samar da amoniya, wadda ke kashe kaifin tsamin da ke kewaye da ita. Yawanci tun ana yara ake ɗaukarta, a cikin gida, kuma ana kyautata zaton ta baki take bi, ta hanyar yawu da amai da ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa. Cunkoso a ɗaki ɗaya da rashin tsabtataccen ruwa su ne abokan tafiyarta. In ta shiga kuwa, ba ta fita sai an kore ta da magani. Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara binciken ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa a 2015 mutum wajen biliyan 4.4 ne ke ɗauke da ita. A cikin ƙasashen da aka jera, Nijeriya ce ta zo kan gaba da kashi 87.7 cikin 100, Suwizalan kuma ta zo ƙarshe da kashi 18.9. Wannan bai zama sabon labari ba ga wanda ya san aikin da wani likita Bature mai suna Holcombe ya yi da abokan aikinsa a Maiduguri, wanda aka buga a 1992, inda gwajin jini ya nuna fiye da kashi 80 na mutanen da aka gwada suna da alamarta, kuma akasarinsu tun suna ƙanana. Ashe ke nan maganar ba ta Turawa ba ce kaɗai. In aka shiga aji mai ɗalibai 40 a kowace jami'a ta Arewa, mafi yawansu da ita suke zaune, har da malamin.

Ba duk mai ɗauke da ita ne yake ciwo ba. Mafi yawa har su mutu ba za su san da ita ba. Kimanin mutum 1 cikin 10, ko sama da haka kaɗan, shi ne yakan samu gyambo, sa'an nan kashi 1 zuwa 3 cikin 100 sankarar tumbi kan same su, abin da ya sa a 1994 hukumar binciken sankara ta Majalisar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. A riƙe wannan, domin za a koma kansa.

Yaya aka yi ƙiba ta shigo zancen? A 1999 wasu masana a Japan, Kojima da Kangawa da abokan aikinsu, suka gano wani sinadari da jiki ke yi, aka sa masa suna girelin. Aikinsa kamar na ɗan aike ne: idan ciki ya zama wayam sai ya ƙaru a cikin jini, ya je ƙwaƙwalwa ya sanar da ita cewa lokacin cin abinci ya yi, in an ci kuma sai ya ragu. Abin lura shi ne, mafi yawan girelin a fatar tumbi ake yin sa, watau a gidan da ƙwayar nan ta tare. Daga nan lissafin ya zo da sauƙi. Idan ƙwayar tana kumbura fatar tumbi shekara da shekaru har ta sa ta lalace, to, za ta rage yawan ɗan aiken yunwa, mai ita ya rage ci. Idan kuma aka kashe ta, fatar ta farfaɗo, ɗan aike ya dawo bakin aiki, ci ya buɗe, jiki ya ƙaru. Lissafi ne mai daɗin ji, kuma daɗinsa ne ya sa ya kamata a yi hattara da shi.

An gwada. A 2003 Nwokolo da abokan aikinsa a Coventry ta Ingila suka ba da rahoton cewa girelin ya ƙaru da kashi 75 cikin 100 bayan an kashe ƙwayar, sai dai mutum 10 kacal aka yi gwajin a kansu. A 2011 wasu likitoci a birnin New York suka bi tsofaffin sojoji, suka ga waɗanda aka kashe wa ƙwayar ma'aunin jikinsu ya ƙaru da kimanin kashi 5 cikin 100 a wata 18, kuma girelin ɗinsu ya daina sauka yadda ya kamata bayan cin abinci. Su ma ba su wuce 20 da 'yan kai ba. A shekarar dai, Nweneka da Prentice suka tattara binciken da aka yi har zuwa lokacin, suka ga cewa lalle masu ƙwayar sun fi ƙarancin girelin a jini, amma kashe ta bai nuna wani tabbataccen canji a yawansa ba. Watau rabin lissafin ya tsaya, rabi ya karkace.

Gwajin da ya fi nauyi shi ne na Bristol, a Ingila, wanda shi ma a 2011 aka buga sakamakonsa. An ɗauki mutum 1,558 masu ɗauke da ƙwayar, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba gida ɗaya magani na gaskiya na mako 2, ɗaya gidan kuma aka ba su ƙwayar da ba kome a cikinta, ba tare da kowa ya san wanda ya samu ba. Amfanin ƙuri'a shi ne, mai kuɗi da talaka, mai ci da marar ci, duk sukan rarrabu daidai a gidajen biyu, saboda haka bambancin da aka gani daga baya na maganin ne. Bayan wata 6 aka ɗora su a sikeli. Waɗanda suka sha maganin gaskiya sun fi 'yan'uwansu ƙarin nauyi da kimanin kilo 0.6. Waɗanda suka ƙara kilo 3 ko fiye sun kai kashi 19 cikin 100 a gidan magani, kashi 13 a ɗaya gidan. Wannan shi ne mafi ƙarfin shaida, kuma ga iyakarsa: rabin kilo da ɗan ɗori, abin da bai kai nauyin rabin mudun gero ba. Su kansu masu binciken sun kawo cewa mai yiwuwa dalilin shi ne mutanen sun rabu da ɓacin ciki ne, suka samu sakewar cin abinci.

Akwai kuma masu kallon abin daga nesa. A 2014 wasu masana a Ostireliya suka jera ƙasashe masu arziki, suka ga inda ƙwayar ta yi ƙaranci nan ƙiba ta fi yawa. Babban mai wannan ra'ayi shi ne Martin Blaser, likita Ba'amurke, wanda a littafinsa na 2014 ya yi gargaɗin cewa yawan shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta yana korar tsofaffin halittun da jikin ɗan Adam ya saba da su, kuma ƙiba tana cikin abin da ya biyo baya. Yana da hujjar da ba ta wasa ba ce, domin tun wajen 1950 manoman Amurka suka gane cewa in ana barbaɗa wa kaji da aladu ɗan wannan magani a abinci sukan yi saurin nauyi, har sai da Tarayyar Turai ta hana yin haka a 2006.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce ƙwayar tana hana ƙiba, a wuce wurin. To, amma ga wani tarin bincike da ya fuskanci wata alƙibla dabam. A ƙasar Sin an duba dubban mutanen da ke zuwa asibiti gwajin lafiya, aka ga masu ƙwayar sun ɗan fi marasa ita yawan ƙiba, kuma masu wannan ra'ayi su ma suna da nasu lissafin, cewa daɗaɗɗen kumburi yana dagula yadda jiki ke sarrafa sukari da kitse. A Amurka kuwa, nazarin da aka buga a 2005 a kan babban binciken lafiyar jama'ar ƙasar bai ga wata alaƙa ba sam, kuma Blaser da kansa yana cikin waɗanda suka sa hannu a irin wannan rahoto. Ga amsa uku ke nan ga tambaya ɗaya: tana ragewa, tana ƙarawa, ba ruwanta.

Mai karatu zai ce, to, wa ya yi ƙarya? Babu. Abin da ya faru shi ne akwai na uku a ɗakin, kuma shi ne halin rayuwa. Ƙwayar nan ɗiyar talauci ce, inda aka yi cunkoso aka sha ruwan rijiya marar murfi nan take. Ƙiba kuwa ba ta da gida ɗaya. A ƙasashe masu arziki ta fi kama talaka, domin abinci mai maiƙo da zaƙi shi ne mai araha, saboda haka a can sai a ga ƙwayar da ƙiba a jikin mutum ɗaya, a zaci ɗaya ce ta haifi ɗaya. A ƙasa irin Nijeriya kuwa ƙiba ta fi zama a gidan mai hali, mai mota da firji da kujerar ofis, manomin da ke bin kunya da fartanya kuwa ga ƙwayar a cikinsa ga shi kamar sanda. Wanda ya ƙirga a nan zai ce ƙwayar tana ramarwa, wanda ya ƙirga a can zai ce tana ƙibarwa, alhali kuwa kowannensu aljihun mutane ya auna bai sani ba. Haka ma jerin ƙasashen nan na 2014: ƙasar da ta samu famfo da masai na zamani har ƙwayar ta ragu, ita ce dai ta samu mota da lemon kwalba da aikin zaune. An ga ungulu an ga mahauci a wuri ɗaya, ba a ce mahauci ne ya haifi ungulu ba, nama ne ya tara su.

Japan ta isa misali. Ƙwayar ta yi yawa ƙwarai a cikin tsofaffinsu, ta ragu sosai a cikin matasa, kuma daga 2013 inshorar lafiyar ƙasar ta ɗauki nauyin kashe ta ga duk mai kumburin tumbi, miliyoyin mutane suka sha magani. Da korar ƙwayar ce babbar ƙofar ƙiba, da Japan ta cika da masu teɓa. Amma masu ƙibar da ta kai mizanin cuta a can kimanin kashi 4 zuwa 5 ne cikin 100 na manya, a Amurka kuwa wajen kashi 40. Abin da ya raba su yana cikin kwano da yawan tafiyar ƙasa.

Saboda haka hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne, kashe ƙwayar yana iya ƙara wa wasu mutane ɗan nauyi, kuma babu mamaki girelin yana da hannu a ciki, amma ƙarin kaɗan ne, kuma wani kaso nasa ba kome ba ne illa dawowar abin da ciwo ya cinye. Mutumin da ya shekara yana tsoron tuwo saboda ƙwannafi da zafin ciki, ya samu lafiya ya koma cin abincinsa, in ya ƙara kilo 2 Hausa tana da kalmar da ta dace da shi, kuma ba teɓa ba ce. Cewa ake yi ya murmure.

A nan ne aikin ya dawo hannun masu nazarin harshe. Abin da likita yake nufi in yana maganar wannan cuta ƙayyadadde ne: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau kansa, in sakamakon ya kai 25 nauyi ya yi yawa, in ya kai 30 ya zama cuta. Mai fassara kuwa yakan ɗauki kalmar ƙiba ya ɗora a kai, alhali ƙiba a kunnen Bahaushe yabo ce. Wanda ya dawo daga tafiya aka ce masa ya yi ƙiba, godiya yake yi. Amarya in ta yi wata 3 a ɗaki ta yi ɓulɓul, an ce miji ya iya kiwo, in ta rame kuwa sai dangi su fara tambaya. Akwai ya yi jiki, akwai ya cika, akwai hutu ya karɓe shi, duk na alheri ne. Ta ɓangaren zargi kuma akwai teɓa da tumbi, sa'an nan akwai kumburi, wanda kowa ya san ciwo ne. Harshen da ya rarrabe abu hawa-hawa haka bai cancanci a cusa masa ma'ana biyar a kalma ɗaya ba. Idan aka ce a rediyo wani abu yana sa ƙiba, likita gargaɗi ya yi, amma rabin masu sauraro bushara suka ji. Gara a ce muguwar ƙiba, ko ƙibar da ta wuce kima, ko teɓa, gwargwadon abin da ake nufi.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, kuma a aikatau yake. Masu bincike sukan yi taka-tsantsan su ce an ga abu kaza tare da abu kaza. Kafin labarin ya iso Hausa sai ya zama abu kaza yana haddasa abu kaza, ko yana jawo shi, ko yana haifar da shi, saboda waɗannan sun fi daɗi a kanun labari. Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Tana da alaƙa da dangantaka da nasaba a gefe guda, tana da sanadi da sababi da musabbabi a ɗaya gefen, kuma malaman zaure sun daɗe da sanin bambancin abin da ya zo tare da abu da abin da ya zama dalilinsa. Wanda ya musanya su bai yi kuskuren nahawu ba, jimlarsa lafiya lau take, amma ya canza hukunci.

Wani zai ce wannan duk tsirfar 'yan jami'a ce, me kalma ɗaya za ta ɓata? Sai a dubi kasuwa. Kowa ya san magungunan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata da masu shirin aure suke saye a kemis ko a hannun masu talla don su ciko. Yawancinsu ko dai maganin ƙaiƙayi ne mai buɗe ci, ko kuwa irin su dezametazon, wanda ke tara ruwa da kitse a fuska da ciki, ya tayar da sukari da hawan jini, ya raunana garkuwar jiki, kuma in an haɗa shi da magungunan ciwon jiki irin su asfirin ya ƙara haɗarin gyambon ciki da zubar jini. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan. A cikin jama'ar da ke da irin wannan kasuwa, ranar da aka ji cewa maganin olsa yana sa ƙiba, an samu sabon sha-ka-fashe. Maganin kuwa ba alewa ba ne. Haɗi ne na magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu ko fiye da maganin rage tsamin ciki, na kwana 10 zuwa 14, kuma shan su barkatai shi ne ke koya wa ƙwayoyin cuta jure musu. Tun a 2017 Majalisar Lafiya ta Duniya ta ambaci wannan ƙwaya a cikin waɗanda suka fara gagarar ɗaya daga manyan magungunanta. Duk kafson da aka sha don a yi kumatu, an rage wa mai gyambo na gaskiya damar warkewa.

Ɗaya haɗarin yana wajen 'yan boko da mazauna birni, waɗanda suka fara tsoron teɓa, kuma da gaskiyarsu, domin binciken lafiyar jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, yayin da kashi 12 suka rame fiye da kima. Mace mai gyambo da ta ji cewa magani zai sa ta ƙiba tana iya ajiye shi a kwana na 4. Sai a auna mata abin da ke kan sikeli biyu. A hannu ɗaya rabin kilo ne, ko a ce kilo 3 in abin ya yi yawa, wanda rage lemon kwalba da tafiyar ƙasa za su iya ɗaukewa. A ɗaya hannun gyambo ne mai iya ɓallewa da jini ko ya huda tumbi cikin dare, da kuma sankarar da aka ce a riƙe. A gundumar Linqu ta ƙasar Sin an ba mutane magani na mako 2, aka bi su wajen shekara 15, aka ga sankarar tumbi ta ragu da kashi 39 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Babu mai hankalin da zai sayar da wannan don rabin kilo. Haka nan in labarin ya shigo ta ɗaya fuskar, aka ce ƙwayar ce ke kawo teɓa, to, masu lasifika a bakin tasha sun samu abin faɗa, gobe za a ji maganin wanke ƙwayar cutar tumbi mai narkar da kitse a kwana 3.

Duk da haka bai kamata a yi wa Blaser rashin adalci ba, domin akwai abin dubawa a maganarsa, har ta fuskar harshe. Binciken da aka buga a 2007 ya nuna cewa wannan halitta tare da ɗan Adam ta fita daga Afirka wajen shekara 58,000 da suka wuce, an kuma same ta a cikin gawar mutumin nan da ƙanƙara ta adana a duwatsun Turai shekara 5,300. Abin da ya daɗe haka a gida da wuya a kira shi baƙo. Hausa kuwa duk wata halitta da ido ba ya gani ƙwayar cuta take ce mata, watau an yanke mata hukunci tun daga suna, alhali a hanjin kowane lafiyayye akwai biliyoyinsu da ke taya shi narkar da abinci. Akwai ma rahotannin da ke nuna masu ɗauke da wannan ƙwaya sun fi ƙarancin wata irin sankarar maƙoshi, da asma a yara, ko da yake su ma alaƙa ce aka gani. Abin da wannan ke koyarwa shi ne kada a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da dalili, musamman ga yara. Bai koyar da cewa mai gyambo ya zauna da gyambonsa ba. Wanda ciki ya dame shi sai ya je a gwada shi, ta numfashi ko ta bayan gida ko ta leƙa tumbi, domin ba kowane zafin ciki ne olsa ba, kuma ba kowace olsa ce ta wannan ƙwaya ba, da yawa magungunan ciwon jiki da na gajiya ne suke jawo ta. In an same ta, likita ya rubuta magani, a shanye shi duka, a koma a tabbatar ta mutu.

Ƙasar da mutum 8 cikin 10 suke ɗauke da ƙwayar, ga ramammu ga masu teɓa a unguwa ɗaya, wuri ne da ya dace a yi irin gwajin Bristol, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri ba su rasa majiyyata ba. Ranar da za a yi shi, likitoci za su zo da sikeli da awon tsawo, amma takardar tambayoyin da za a karanta wa majiyyaci da Hausa za a rubuta ta, kuma ya kamata a ce wani daga Sashen Hausa yana zaune a wurin sa'ad da ake tsara ta. In ba haka ba, za a tambayi tsohuwa ko ta yi ƙiba bayan ta sha magani, ta ce alhamdu lillahi, ma'aikaci ya rubuta cewa an samu matsala.